Wankan Asubar Badaru

A gidajen haya na unguwar Abu Hail a Dubai mutum ba ya buƙatar magulmaci kafin ya san halin da maƙwabcinsa yake ciki, kunnensa ma ya ishe shi. Fulat ɗin da Badaru yake zaune an yanka shi da katako an raba wa iyali uku, banɗaki ɗaya, hitar ruwa ɗaya. In ka yi tari a ɗakinka, na ɗakin gaba ne zai fara ce maka sannu.

Badaru Bakano ne, shekararsa arba'in da shida, sha ɗaya daga ciki a Dubai ya yi su. Aikinsa tura kaya a kasuwar Al Sabkha: 'yan kasuwa su sayo abaya da turare da takalma su jibge masa, ya auna, ya sa a naɗe da leda, ya aika Kano. Aiki ne na zama a kujera daga hantsi har isha, shayi mai madara da sukari yana bin shayi, tumbi yana ta gaba abinsa. Matarsa Mahfuza ta zo ta same shi shekara uku da suka wuce. 'Yarsu ɗaya, Ramlat, tana Kano wajen kakarta saboda makaranta.

Wata goma sha huɗu ke nan da ƙarfinsa na namiji ya ɗauke. Ranar farko ya ce gajiya ce. Rana ta biyu ya zo da fargabar ta farko a ransa, fargabar kuwa ta ƙarasa abin da ya rage. Daga nan sai ya koyi juya wa Mahfuza baya yana fuskantar katako, ya ja numfashi irin na mai barci alhali idonsa biyu. Bai ce mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Yana sonta, wannan ba a magana, kuma kunyarta ce ta fi komai cin ransa.

Asibiti kuwa bai ga dalilin zuwa ba. Ai da aka zo sabunta masa biza an ɗebi jininsa, an ɗauki hoton ƙirjinsa, an ba shi takarda cewa lafiyarsa ƙalau. To mutumin da hukuma da kanta ta wanke, wane ciwo kuma zai je nema? Sai ya yanke cewa hannu aka sa masa. Ya sha rubutu, ya sa an aiko masa da saiwoyi a cikin jakar wani ɗan kasuwa, har wata zumar ƙarin ƙarfi da ake sayarwa a ɓoye ya lasa, ta bar shi da ciwon kai da bugun zuciya na yini guda. Ko gezau.

Amma abin da ya fi ba da himma a kansa ba magani ba ne, wanka ne. A gida irin nasu, magidancin da aka ji ya sakar wa kansa ruwa kafin kiran assalatu an san ma'anarsa, wanda aka daina jin nasa ma an san ma'anarsa. Badaru ya zauna ya tsara abinsa kamar jadawalin jirgi: Litinin, Alhamis, da Asabar. Wani makon ya sauya rana don kada abin ya yi kama da shiri. Sai ya shiga ya buɗe famfo har ƙarshe, ya jiƙa kai sosai, ya fito yana gyaran murya. Mahfuza ma, don kada a ji na miji a rasa na mata, sai ta bi bayansa ta zuba nata. Bai taɓa ce mata ta yi ba, bai kuma taɓa ce mata ta bari ba.

Maƙwabcinsu na jikin katako Sualah ne, mutumin Kumasi, mai gadi a wani babban kanti. A hanyar masallaci yakan dubi gemun Badaru yana ɗigar ruwa ya ƙyalƙyale.

"Cale, abokina Alhaji, ka riƙa rage mana ruwan zafi mana! Mu ma muna da iyali fa."

"Kai dai Allah ya shirye ka," in ji Badaru, yana murmushin da yake ƙona masa ciki. Daɗin zolayar yake ji, yana kuma jin ƙyamar kansa saboda jin daɗin.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ba ta inda mai shi yake tsaro yake ƙurewa ba.

Wata Laraba da azahar ya dawo gida cin abinci, abin da ba kullum yake yi ba. Mahfuza ta ajiye masa shinkafa da miya, sannan ta ajiye wata farar takarda kusa da farantin, ta koma bakin gado ta zauna. Ta rage murya yadda katako ba zai ɗauka ba.

"Baban Ramlat, jiya Hamamatu ta kai ni asibiti."

Hamamatu matar Sualah ce, tana aikin shara a wani asibitin mata, tana jin Turanci, ga ta da son taimako ko an nema ko ba a nema ba. Ta daɗe tana damun Mahfuza cewa Ramlat ta shekara bakwai ba ƙani, zama bai kama ta ba.

"Asibiti? Me ya same ki?"

"Ba abin da ya same ni. Na yi ta kauce mata har na rasa hanya. Da muka shiga, ita ce mai fassara. Likitar ta tambaya sau nawa muke tarawa a mako." Ta dubi yatsunta. "Ban ma buɗe baki ba Hamamatu ta ce sau uku. Ta ce ita shaida ce, tana jin ruwa."

Cokalin ya tsaya a hannun Badaru.

"Ke kuma sai kika ce me?"

"Me zan ce? In ƙaryata ta, in tona maka asiri a gabanta? Na gyaɗa kai." Ta nuna takardar da haɓa. "Likitar ta ce tunda haka ne, sama da shekara ba ciki, sai a bincika ni. Ranar Asabar za su ɗura min wani ruwa ta mahaifa su ɗauki hoto, su ga ko hanya ce ta toshe. Hamamatu ta ce akwai zafi, amma na ɗan lokaci ne."

Ya dubi takardar. Sunanta ne a kai, da rana, da lokaci. Nan take ya ji miyar ta fita daga ransa. Duk tsawon watannin nan yana ganin ruwa kawai yake zubarwa, ruwa kuwa bai taɓa cutar kowa ba. Ga shi yanzu za a kwantar da matarsa lafiyayya a buɗe ta, a nemi cutar da take jikinsa.

"Ba za ki je ba," ya ce. "Khalas, magana ta ƙare. Zan ce wa Hamamatu mun fasa."

"Ta ce don me, ka ce mata me?"

Ya ture farantin gefe.

"Ni zan iya zuwa," in ji Mahfuza. "Zafin rabin awa ba zai kashe ni ba. In an gama su ce lafiyata ƙalau, Hamamatu ta samo wani gwajin, shi ma in je. Amma ka sani, na gaji. Ba rashin abin ne ya gajiyar da ni ba, Allah ya gani. Ka tashi ka wuce ni ka je ka yi wa mutanen waje wanka, ni da nake kwance kusa da kai ko kalma ɗaya ban isa ka yi min ba. In haka za mu ci gaba, ka mayar da ni wajen 'yata."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba, wannan ne ma ya tsorata shi. Mahfuza ba mai barazana ba ce. In ta ce ta gaji, to ta daɗe da gajiya.

Ya koma Al Sabkha da yamma ya auna kayan mutane yana kuskuren rubuta suna a kan kwali. Ya yi tunanin ya saya mata tikiti kawai, kowa ya huta, a ce ta je ganin gida. Asirinsa zai rufu ruf. Sai ya hango ɗakin babu ita, ya ga ashe rufin asirin da yake ta fama a kai na Sualah ne da mutanen masallaci, waɗanda in ya mutu yau gobe za su ci abincinsu.

Ranar Asabar ya ce wa Hamamatu ta huta, shi zai kai matarsa. Ta yi ta yaba masa, wai maza irinsa sun yi ƙaranci. Da aka kira sunan Mahfuza ya bi ta ciki. Likitar, wata dattijuwa 'yar Indiya mai tabarau, ta ɗago tana jiran bayani. Badaru yana da Turancin kasuwa, wanda yake isarsa ya yi faɗa da direban babbar mota, amma ranar sai da ya nemo kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kada a taɓa matarsa. Ya ce abin da aka faɗa ranar Talata ba haka ba ne. Ya ce matsalar tasa ce, wata goma sha huɗu.

Ya jira ƙasa ta tsage. Likitar ta ce to, ta soke gwajin da biro, ta rubuta masa sunan wani likita a hawa na biyu, kamar wanda ya ce mata yana mura.

Na hawa na biyun Basudane ne mai furfura. Ya auna jininsa, ya sa aka huda masa yatsa, ya dubi abin awon ya ɗaga gira. Ya tambaye shi ko yana yawan jin ƙishirwa, ko yana yawan fitsari, ko tafin ƙafarsa yana masa kamar ana tsira allura. Duk Badaru ya ce e, yana mamakin wanda ya gaya masa. Sannan ya zaro takardar bizarsa daga aljihu ya miƙa, ya ce amma ai an gwada shi an ce lafiya lau.

Likitan ya karanta ya mayar masa a hankali.

"Habibi, wannan tarin fuka suke nema da cututtukan da ake ɗauka daga mutum zuwa mutum. Ba ruwansu da suganka, ba ruwansu da hawan jininka. Kai kuma duka biyun kana da su, ga alama sun daɗe."

Ya yi masa bayani cewa suga in ya yi yawa a jini, ƙananan jijiyoyi yake fara ci, shi ya sa sau da yawa wannan raunin ne ɗan aike na farko, kafin ido, kafin ƙoda, kafin zuciya. Tsoro kuma ya zo ya ɗora nasa a kai. Ya ce akwai magani, amma sai an ƙara gwaji an duba zuciyarsa tukuna, kuma ya rabu da zumar bayan kanti. A sauke sugan, a rage shayi, a riƙa tafiya da ƙafa kullum. Bai yi masa alkawarin mako ɗaya ko wata ɗaya ba. Ya ce shwaiya shwaiya, wato sannu a hankali, da yawa suna samun sauƙi, kuma ya gode wa Allah da ya zo yanzu.

Suka fito rana tana dukan tsakiyar ka, suka shiga rumfar jiran bas mai sanyi. Ba kowa sai su. Badaru ya mayar mata da abin da likitan ya ce da Hausa, tun daga sugan har tafiyar ƙafa. Yana faɗa yana jin wani nauyi yana sauka daga kafaɗarsa, har ya fara tunanin ashe abin bai kai yadda ya ɗauka ba.

Mahfuza ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Wato ciwo ne."

"Ciwo ne."

"Tun farko?"

"Haka ya ce."

Ta jinjina kai tana kallon titi.

"Na zaci ni ce," ta ce.

"Ke kuma? Ta yaya?"

"To me zan zata? Miji ya juya maka baya bai ce komai ba. Na ce ko warin jikina ne ya sauya, na sauya humra sau huɗu. Na ce ko tsufa na fara. Na ce ko ƙiba na yi, ka ga matan garin nan ka dawo ka gan ni." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ba ka lura na daina cin abincin dare ba?"

Ya lura. Ya ɗauka abincin garin ne bai karɓe ta ba. Sai yanzu ya dubi wuyan hannunta da kyau, ya ga yadda awarwaronta yake zamewa har kusan gwiwar hannu. Duk watannin nan yana can yana jinyar kunyarsa, bai taɓa kawo wa ransa cewa shirun da ya yi ita ma wani abu yake gaya mata ba.

"Ba ke ba ce, Mahfuza," ya ce. "Wallahi ko rana ɗaya ba ke ba ce."

"Na ji yanzu," ta ce. "Amma da ka faɗa min tun ranar farko, Baban Ramlat. Wata goma sha huɗu ina kwana da yunwa."