Askin Nagode Wanzami

"Ba da wanga abu ba," in ji Nagode, ya juya fuskarsa ga bango.

Maigidana yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin da reza tsakanin yatsu biyu, takalman roba a ƙafarsa, kunnensa kuma na can wajen motar da ke kwasar leburori zuwa aikin dam. Ni ina durƙushe kusa da Suwaiba, matar Nagode, ina riƙe mata ƙoƙon kunu. Maigidana ya ce yanzu-yanzu zai kankare masa ya wuce, ba sai an nemi ruwa ba. Mota ta yi ham, mutumina ya jefa rezarsa aljihu ya fita da gudu.

Nagode maƙwabcinmu ne, kuma wanzamin unguwarmu tun muna tsohon Maradun, kafin ruwa ya ci garin a kwaso mu a zuba kan tudu. Babu namiji a layinmu da kansa bai bi ta hannunsa ba. Shi ya yi masu askin suna, shi ya yi masu kaciya, shi ke gyara masu fuska duk safiyar Juma'a. Kuma da kun ga yadda yake yi, 'ya'yana. Bai taɓa ɗora aska kan busasshiyar fata ba. Sai ya jiƙa da ruwan ɗumi, ya murza sabulun salo, ya yi ta shafawa yana jan mutum da hira har gashi ya yi laushi, sannan ya bi shi yadda ya kwanta. Ya fitar da saje, ya daidaita gemu, ya goga alif. Mutum ya tashi sumul kamar ango.

Da gonaki suka nutse, damin da ake kai masa da kaka shi ma ya nutse. Maza suka koma wa rezar kanti, suna kankare fuska a tsaye a bushe, haɓa duk ƙuraje kamar bayan kwaɗo. Bai yi ƙorafi ba. Sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi, hannuwansa suka kama rawa, furfura ta cika kai, ta rufe kunci, ta gangaro wuya. In an zo gaishe shi sai ya ja mayafi ya lulluɓe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara fuskokin mutane, ga shi yana ɓoye tasa.

Abu ɗaya ya roƙa. Ya san ba a yi wa gawa aski, yadda rai ya bar mutum haka za a kai shi. To, shi yana so a aske shi tun yana numfashi, kuma da hannun Hamidu. Wanzamai haka suke, kowa da abokin askinsa, kai ka yi mini ni in yi maka. Nasa tun suna samari Hamidu ne, sai dai da aka tashi garin Hamidu ya koma wurin ɗiyarsa a Bakura.

Bakura fa, ba Makka ba. Maigidana na da keke. Na yi masa magana, ya ce in ya yi fashin aiki za a sa wani a gurbinsa, a bari sai Lahadi. Lahadi ta zo, ya ce tayarsa ta yi faci. Suwaiba ta aika wa sauran mazan layi. Wannan ya ce an kira su taro kan maganar gonaki, wancan ya ce ƙafa ke damunsa. Har aka samu mai cewa ai gashi ne, ba numfashi ba, tsoho ya yi haƙuri. Wanda ya faɗi hakan, Nagode ne ya cire masa belu yana jinjiri.

Ran nan na ajiye wa maigidana tuwo da ƙarfi har miya ta fantsalo.

"Malam, wa ya gyara ma fuska ranar da za ka gidanmu neman aurena?"

Ya ci gaba da cin tuwonsa, kamar da bango nake.

Wanda ya ɗauki saƙon a ƙarshe Buba ne, wani Bafulatani da matarsa ke kawo mana nono, wanda ko a unguwar ba ya zaune. Ya ce zai kai bijimi kasuwar Talata Mafara, daga can zai ƙarasa Bakura. Ya saɓa sandarsa.

Safiyar Juma'a sai ga Hamidu, tsoho dogo, zabirarsa a rataye, ya sauko daga bayan tifa jikinsa duk jar ƙasa. Muka rasa ruwa. Tankar da ke kawo mana ba ta zo ba, ga kuma ruwa can ƙasa shimfiɗe yana walƙiya a kan gidajenmu na da. Na karkata randata na tatse abin da ya rage, na ɗora a wuta.

Suka gaisa, suka sake gaisawa, ya jiki, ya iyali, ya baƙunta. Sannan Hamidu ya ɗaga mayafin.

"Sarkin Aska, haka ka koma? Na aza bunsuru aka ɗaure ɗakin ga."

"Ka daɗe, makaho," in ji Nagode, murya can ƙasa. "Wasa askar da kyau. Na san askarka, ko kabewa ba ta yankawa."

Suwaiba ta tallafe shi ta baya ya jingina da ƙirjinta. Hamidu ya jiƙa kan, ya murza sabulu, ya yi ta shafawa ba gaggawa. Ni na ƙosa ya yi sauri, amma shi Nagode ya lumshe ido, kafaɗunsa suka sauka. Aka fara da dama. Askar na tafiya, furfura na zubowa kan tabarma, fata na fitowa tas. Aka gama rabin kai, aka sauko kunci, aka fitar da saje.

"Ƙara ruwa," in ji Nagode. "Hagun ya fara bushewa."

Hamidu ya juya ya tsoma hannu a ƙoƙo. Da ya juyo sai ya tsaya, ruwan na ɗiga daga yatsunsa. Suwaiba ce ta fara salati.

Liman Abdulhamid ya zo ya tarar da Hamidu zaune a wurin, aska a buɗe.

"Malam, saura kaɗan. Bari in ƙarasa mai."

"A'a, Hamidu. Gashin da ya fita yana da rai ya fita. Wanda ya rage nashi ne, da shi za ya tahi."

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Duk waɗanda ba su da halin fashin aiki sai ga su, an sallame su nan take da suka ce an yi rasuwa. Keken maigidana ne ya fara isowa, tayarsa lafiya lau. Suka jeru a inuwa da haɓoɓinsu masu ƙuraje suna cewa Allah ya jiƙan mutumin kirki. Na wuce ta gabansu da tukunya ban gaishe da ko ɗaya ba, kuma har yau ban ga laifina ba.

A ciki masu wanka na jira. Hamidu ya naɗe askarsa, ya ɗauko ɗan gwangwanin man kaɗe daga zabira. Ya ce shi dai bai taɓa barin inda ya aske a bushe ba. Liman ya kawar da kai ya dubi ƙofa.

Hamidu ya lakato man, ya narkar da shi a tafin hannu, ya shafa daga goshi zuwa bayan kunne, ya gangaro kuncin dama a hankali. Da ya zo tsakiyar kai, inda furfura ta fara, sai babban yatsansa ya tsaya.