Ɗigon Jini a Kan Hayaƙi

Tani tana wankan jego a gidansu na Madarumfa, a ɗakin da ta tashi tare da yayanta Abarshi. Tun da ta haihu yake faɗo mata a rai. Shi ya koya mata iyo a tafki, shi ke ɓoye mata kan kifi a aljihu. Da ƙasusuwansa suka soma ciwo aka ce sanyin ruwa ne. Sai bayan rasuwarsa suka ji sunan abin: amosanin jini.

Shi ya sa ta kira Safiya, ungozomar likita, ta tsaga diddigen jaririyar, ta ɗiga jini a wata 'yar takarda.

"Can birni za a kai, labo, ɗakin gwaji," in ji Safiya. "Akwai mashin mai farfasa furotin ɗin jini, ya auna nauyin kowane gutsure. In da ciwon, gutsure ɗaya zai bambanta. Ku bar takardar ta bushe, bari in duba wata mai jego."

Inde, mahaifiyar Tani, tun tana budurwa take bandar kifi, kuma a saninta abin da zai yi tafiya sai ya sha hayaƙi. Ta ɗora takardar a gefen ragar banda.

Safiya ta dawo ta shinshina takardar, ta riƙe baki. "Inna! Tarwaɗa na ba ki? Zafi ya dafa jinin, mashin ba zai karanta ba."

"Yo ni na ga hanya da nisa, kada ya ruɓe," in ji Inde. "Kuma ba a sake huda mini jika. Kukan ɗazu ya isa."

"Inna, kukan Yaya kin manta?" in ji Tani.

Can Inde ta goge hannu da zanenta, ta karɓi jaririyar, ta riƙe ƙafar da kanta. Wannan karon a inuwar ɗaki takardar ta bushe, Tani na korar ƙuda.

An kusa arba'in Safiya ta shigo ko sallama ba ta gama ba.

"Ba ta da ciwon! Gado ne ta ɗauko ta gefe ɗaya. Sai dai ranar aurenta a auna mijin."

Tani ta manta da kunyar 'yar fari. A gaban Inna ta ɗaga ƙafar yarinyar ta manna a kumatunta.

"Ji mara kunya," in ji Inde. "Miƙo min ita nan."