Zama a Kan Akwatin Akoth

Ban taɓa zama a kujerar da ba tawa ba. Tawa mai ƙafa uku ce, gadon ubana, kuma mace ba ta taɓa ta. Ranar da 'yata Akoth ta zo kai ni birnin Kisumu a duba mini gwiwa, ta sa na bar kujerar a gida.

A bakin tafki a garin Mbita jirgin ruwa ya makara. Na dogara da sandata, gwiwar tana mini ciwo. Akoth ta danna wani abu a jikin akwatinta mai taya, sai bayansa ya buɗe ya zama wurin zama.

"Zauna, Baba, kada ka faɗi kifaye su yi maka dariya."

"Dattijo ba ya zama a kan tufafin mata."

"Ai ba nawa ba ne. Zannuwan Mama ne, na ƙi barin su gara ta ci."

Sai na zauna.

Ƙamshin sabulun marigayiya matata da hayaƙin murhunta suka taso mini. Da jirgin ya iso, Akoth ta ja akwatin da ni a kai. Na lumshe ido, sai ga ni a kwalekwale da ƙuruciyata, matata tana bayana tana tsokanata wai ban iya tuƙi ba. Ruwan ya kwanta luf, babu inda ke mini ciwo.

"Mun shigo jirgi, Baba. Tashi, ga benci."

"Ƙyale ni," na ce. "Uwarki ba ta gama magana ba."