Ranar da Lubabatu Ta Hana Khalid Nono

Duk garin Tarai babu wanda bai san Lubabatu ce ta raya Khalid ba. Uwar yaron ta rasu wajen haihuwarsa a rugar da ke bayan gari, lokacin Lubabatu tana goyon 'yarta Hidaya, ga nono Allah ya hore mata har yana jiƙa riga. A ɗakinta jaririn ya yi ta kwana har ya fara shan kunu, sannan aka mayar da shi ruga. Daga nan kakarsa, Iya, ke goyo shi kullum da hantsi ta kawo shi ya sha, da 'yar ƙwaryar kindirmo a ka ta godiya. Har liman sai da aka sanar wa, don kada wata rana a manta a haɗa Khalid da Hidaya aure. Mata kan ce Lubabatu ta gama samun Aljannarta, ita ma kuwa maganar tana yi mata daɗi, ba za ta ɓoye ba.

Mijinta Uzairu, mai kai albasa Kudu, ya daɗe yana jinya kafin ya rasu. Rama, gudawar da ba ta tsayawa, tari, ga bakinsa ya yi fari fat har haɗiyar ruwa ta gagare shi. Mutanen gari suka ce sammu ne, don a wurinsu duk ciwon da ya ƙi jin rubutu da turare sammu ne. Ta gama takaba da watanni, sai kaluluwa ta fito mata a wuya, wasu ƙuraje masu raɗaɗi suka yi mata ɗamara a haƙarƙari. Ta je asibiti a Rano, aka ɗebi jininta.

Malamar asibitin ta rufe ƙofa kafin ta faɗa mata. Cutar da ke karya garkuwar jiki ce, wadda ake kira ƙanjamau idan ta yi nisa.

"Ni da nake surfe, nake ɗiban ruwa?" in ji Lubabatu.

"Haka take, Maman Hidaya. Farkon shigarta ɗan zazzaɓi ne kamar na cizon sauro, ya wuce a manta. Sai ta yi shekaru shiru, mutum garau. Sannan irin waɗannan ƙurajen su fara. In ba a sha magani ba a kai inda mijinki ya kai. Ke ba ki kai can ba, kuma akwai magani." Ta ce ba a ɗauka ta cin abinci tare ko gaisawa. Ta jini ake ɗauka, da kwanciyar aure, da ciki, da haihuwa, da nono. Ta ɗebi jinin Hidaya, ta ce a cire ta daga nono tunda tana cin tuwo. "Ita kaɗai kika shayar?"

Lubabatu ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Da kyar ta ambaci Khalid.

"Shi ma a daina ba shi, kuma lallai a kawo shi a gwada. Yaro ba ya jure mata kamar babba."

Washegari da hantsi sai ga sallamar Iya. Ta sauke ƙwarya, ta kwance goyo. Khalid ya rarrafo da gudu yana dariya, ya haye cinyar Lubabatu ya kama wuyan rigarta kamar kullum. Ta riƙe hannunsa. Ya fizge, ta sake riƙewa, ya ɓarke da kuka.

"Ba shi mana, 'yar nan."

"Yau dai a ba shi kunu, Iya."

"Ciwo nonon yake yi? Akwai saiwa a ruga."

"A'a."

Iya ta dubi gaban rigar da ya jiƙe, ta dubi fuskar da ta faɗa, ta dubi Hidaya da ke gefe tana kukan yaye. Tsohuwa ce da ta ga jiya, kuma a saninta abu ɗaya ke sa mai shayarwa ta janye nono rana tsaka, ga shi yana zuba. Ta leƙa zaure, ta dawo ta matso har gwiwarsu ta haɗu.

"Wata nawa ne?"

Sai a lokacin Lubabatu ta gane. Ciki ake nufi. Ita da mijinta ya kusa shekara a ƙasa, a wannan zamani da irin wannan magana kan kai mace gaban alƙali.

"Kada ki yi kuka," in ji Iya a hankali. "Kin rufa mana asiri, ni ma zan rufa miki. Sai mu ce kwantaccen cikin marigayi ne ya tashi. Ni zan fara faɗa, wa zai ƙaryata tsohuwa? Khalid kuwa ga shanu, ba zai mutu da yunwa ba."

Ga ƙofa an buɗe mata. In ta yi shiru, Iya za ta tafi da yaron, ba za ta faɗa wa kowa ba, in ciki bai fito ba a ce ya sake kwanciya. Wato sunan mazinaciya a wurin mutum ɗaya ya fi mata sauƙi a kan gaskiya, kuma ganin ta yi wannan lissafin ya ƙara mata wata kunyar. Sai dai babu wanda zai kai yaro Rano saboda wata mace ta yi ciki. Khalid ya gaji da kuka, ya kwantar da kai a ƙirjinta yana ajiyar zuciya.

"Ba ciki ba ne, Iya. Ciwon Uzairu ne a jikina. Ba sammu ba ne, ƙanjamau ce." Idonta a kan tabarma ta ƙarasa. "An ce tana bin nono. Ban sani ba, wallahi ban sani ba. Sai an kai shi an gwada."

Iya ba ta yi salati ba, ba ta yi zagi ba, da ma ta yi. Ta miƙo hannu ta ɗauke jikanta, ta goge masa baki da gefen zanenta, ta sake gogewa, ta goya shi ta fita. Ƙwaryar da kullum take jira a juye a ba ta abarta, ranar nan a tsakar gida ta bar ta.

Lubabatu ta wuni ba ta leƙa ko zaure ba. Duk sallamar da ta ji sai ta zaci maganar ce ta bazu a gari.

Da safe aka yi sallama a ƙofa. Iya ce, babu ƙwarya a kanta, kuma ba ta shigo ba.

"Ban san asibitin ba," ta ce, tana kallon katanga. "Wuce gaba."

Lubabatu ta goya Hidaya ta sa hijabi. Da ta fito, Khalid ya hango ta ya miƙo hannuwa daga bayan kakarsa. Ta kai hannu za ta taɓa shi, Iya ta ɗan juya kafaɗa. Haka suka bi ta tsakiyar gari zuwa bakin titi, mata suna yi wa Lubabatu, uwar Khalid a bakinsu, sannu da ƙoƙari, ita tana gaba tana amsawa, yaron yana baya yana kukan nemanta, nono yana ta jiƙa mata hijabi.