Ranar da Awaki Suka Auna Fitsarina

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi. Yau za a yi mana gwajin ƙwaya a kamfanin fulawar da nake dako shekara tara. Duk wanda aka samu da ita a fitsari, ya tuɓe rigar aiki ya kama gabansa. Ni kuwa sai na haɗiyi biyu kafin bayana ya yarda ya ɗauki buhu. Kwana uku ke nan na bar ta, ina ta ɗirkar jiƙon tsamiya, don 'yan dako sun ce shi ke wanke jini.

A mafarkin na tarar da kamfanin yadda na san shi, sai dai ruwan sama daga ƙasa yake ɓullowa yana hawa, kuma awaki ne a ofis. Manajan wani bunsuru ne mai tabarau. Ya duba takardar da sunana ke ciki, ya cinye ta, sannan ya miƙo mini kwalba.

Sai ga ni a ban ɗaki marar ƙofa, ma'aikata sun yi layi suna kallo. Fitsarin ma sama ya nufa. Na kife kwalbar ina bin sa da tsalle, da ƙyar na tari rabi.

Wata akuya mai farar riga ta shinshina, ta ɗanɗana, ta ce tsamiya ce zalla, sukari kawai ta rasa. Nan take aka kawo gero aka dama kunu, duk ofis aka sha ana sa mini albarka. Wallahi na ji daɗi, har na fara lissafin na tsira.

Bunsurun ya lashe gemu ya ce ba a gama ba, sai an ji daga bakin mai abin. Suka zare ƙashin bayana kamar mazagin wando, suka zaunar da shi a kujera. Ya yi magana a hankali, da muryar tsoho. Ya faɗi nauyin buhu, ya faɗi katakon da muke hawa zuwa bayan tirela, ya faɗi yadda aka mai da buhu ɗari uku na yini ɗari huɗu. Akuyar da ke rubutu ba ta ko ɗauki biro ba. Da aka tambaye shi ko ina sha, ya ce ina sha. Wannan ta rubuta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ban sha ba, ba zan cika adadin da kuka yanka mana ba."

Ya jawo durowa, ya ɗebi irin ƙwayar tawa ya watsa a baki kamar gyaɗa.

"Mun sani, Haladu. Ba mu ce kada ka sha ba. Cewa muka yi kada a gani."

Suka karɓe rigar. Ƙashin bayan ma suka riƙe, wai a wurinsu ya lalace, don haka kayan kamfani ne.

Sai ga ni a tsakar gidana, na zama buhu, yashe a ƙasa. Matata Uwani ta ɗauke ni ta kaɗe. Yara suka kewaye ta suna tambaya ko da sauran gari a buhun. Ta zazzage ni a kan faranti, ɗan abin da ya zubo bai cika cokali ba. Na so in ba su haƙuri, na rasa baki. Ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba.

Ƙarar injin niƙan maƙwabta ce ta tashe ni. Na yunƙura, bayana ya ƙi. Na sake yunƙurawa har hawaye suka fito, ko zama na kasa. Daga waje Uwani ta ce in tashi, ƙarfe takwas za a fara gwajin, wanda ya makara kuma kamar ya gudu ne.

Na daɗe ina kallon rufi. Sannan na zura hannu ƙarƙashin katifa, inda biyun da suka rage suke, na ce ta miƙo mini ruwa a kofi.