Koriyar Fuska

A ƙofar sashenmu aka kafe na'urar, gab da matakala. Fuskoki biyu ne a jikinta: koriya mai murmushi da ja mai ɓata rai. Sai ka goga katinka ka danna ɗaya, sannan ƙofa ta buɗe. Wai walwalar ɗalibai da ma'aikata ake aunawa.

Da farko mun ɗauka da gaske ake. Abokiyar ɗakina, wadda muke kira Auta, ta yi ta danna ja bayan rasuwar babanta. Aka kira ta ofis, aka ba ta ruwan sanyi da hutun dole na zango guda. Har yau katifarta na naɗe. Ba ta dawo ba.

Ni ma saƙo ya iso wayata: in na ƙara danna ja, hutu ne. Ga jarrabawar ƙarshe a gabana, ga Inna a gida tana ta shelar 'yarta ta kusa gamawa. Barci ya ƙaurace mini, gashina na bin mataji. Amma ko a gida an san ni da taurin kai, ba na cewa lafiya in ba lafiya. Sai na koma shiga ta ƙofar baya, ta wajen banɗaki.

Ranar jarrabawa na tarar an garƙame ta da kwaɗo.

Na tsaya gaban na'urar, layi ya taru a bayana.

"Hajiya, addu'a kike yi mata?" in ji wani.

Malamarmu ta lissafi ta matso, rungume da takardun jarrabawa. Idanunta sun faɗa ciki fiye da nawa.

"Danna kore, 'yar nan, ki ba mu hanya."

"Malama, ke lafiyarki ƙalau?"

Ta yi dariyar da ba ta kai zuci ba. "Ni da gwiwar hannu nake dannawa. Na daina kallonta."

"Amma in na danna kore, ƙarya ce fa," na ce.

"Ƙarya ce. Saura minti kaɗan a rufe zaure."

Na danna. Na'urar ta yi mini godiya. Ban sunkuyar da kai ba, na hau matakala a miƙe, na rubuta jarrabawata har shafin ƙarshe.

Da zango ya ƙare aka rataya ƙyalle a bakin ƙofa: sashenmu ne ya fi kowane farin ciki. Akwai yatsana a ciki.