Bala Ya Je Goge Hoton Ɗansa

"Goge shi," in ji Bala tela.

Livinus, mai zuba waƙoƙi a waya a bakin kasuwar Nasarawa Gwom, ya danna kwamfutarsa sau biyu. "Na goge, Oga."

"Shi ke nan?"

"A tawa dai, shi ke nan."

Bala ya tsaya yana kallonsa. Shi a saninsa hoto kamar na gidan hoto ne, ka karɓi fim ɗin ka ƙona, magana ta mutu. Da wannan ilimin ya rufe shago, da shi kuma ya yi wa ɗansa alkawari jiya.

Salim, ɗan nasa, shekararsa sha biyar, ba ya iya jure ƙara. Likita ya ce otizim ne, maƙwabta suka ce aljanu, kuma maƙwabta sun fi likita yawa. Ranar Juma'a 'yan ajinsu suka busa masa usur a kunne. Ya faɗi ya toshe kunnuwa yana jijjiga yana kuka, wani ya ɗauka a waya. Wani mai basira ya ɗora kiɗa a kai, ya zama rawa. Kwana huɗu ke nan Salim bai fito daga ɗaki ba. Jiya ya tambayi uwarsa Hasiya zurfin kududdufin da masu haƙar kuza suka bari a bayan unguwa. Ba ya tambaya don hira.

"Daga waya zuwa waya yake tafiya, Oga," in ji Livinus. "Bulutut. Har daga Kuru wani ya zo nema. Ni ban san yaronka ba ne, wallahi."

"Da na wani ne fa?"

Livinus ya shiga gyara wata waya da ba abin da ya same ta.

A bas ɗin komawa gida, samari biyu a kujerar baya suka haɗa kai suna ƙyaƙyata dariya. Bala ya gane kiɗan. Ƙarƙashin kiɗan ya gane muryar.

"Baba, ka ga wannan?" in ji ɗayan, cikin ladabi ƙwarai. "Kunna bulutut ɗinka in tura maka."

Bala ya sauka tun ba a iso ba.

Hasiya na tsaye a ƙofar ɗakin Salim da kwanon tuwon da ya huce. Ta yi ƙasa da murya. "Malam, ka ce masa an goge duka. Ya samu ya ci abinci."

Ya durƙusa jikin ƙyauren. "Salim."

"An goge?"

"An goge na Livinus."

"Duka na ce. Ka ce duka."

Hasiya ta taɓa kafaɗarsa. Ƙaryar ba ta da wuya, kalma ɗaya ce. Sai dai yaron zai fita wata rana, ya hau bas.

"Ba zai gogu duka ba," in ji Bala. "Ban sani ba lokacin da na yi maka alkawari. Yana wayoyin mutane da yawa."

Hasiya ta ajiye kwanon ta dafa bango. Bala na lissafin ko kafaɗarsa za ta iya ɓalle ƙyauren.

"Na sani," in ji Salim daga ciki, da muryarsa ta kullum mai tafiya miƙe. "Ba a iya gogewa. Kowa ya sani, Baba."

"To me ya sa ka aike ni?"

"In ji abin da za ka faɗa."

Sakata ta yi ƙara. Ƙyauren ya buɗe, faɗin tafin hannu kawai. Bala ya zura ƙafarsa a tsakani, ya gyara zama a ƙasa.